Hashimu Ina-Zuwa, Direban Barmu

Shekara shida na yi ina koyarwa a lakwal ɗin Barmu, wato makarantar firamare, iyalina kuwa suna Tawa. Saboda haka duk Jumma'a da la'asar, da duk Litinin da sassafe, ina cikin motar Hashimu. Akwai motocin da suka fi tasa gudu a wannan hanya, kusan dukkansu ma. Amma wanda ya hau tasa sau biyu da wuya ya koma wata, kuma ni ma haka ta faru da ni.

Hashimu dogo ne siriri, ya ɗan haura hamsin, da farin rawani wanda bai taɓa zama daidai a kansa ba. Motarsa farar bas ce mai ɗaukar mutum goma sha tara. A gefen giya akwai wata shuɗiyar buta da ya ɗaure da igiya, kullum cike da ruwa, ko takardun mota bai kula da su kamar yadda yake kula da ita ba. Ana cikin tafiya sai ka ga ya dafe ciki da hannun hagu, ya gangara gefen hanya. Ya kwance buta, ya juyo ya dubi fasinja da fuskar mai neman gafara, ya ce, "Jama'a, ina zuwa." Sai bayan itace. A tashar Tawa in ka ce Hashimu za a tambaye ka wanne. In ka ce Ina-Zuwa, ko mai tallan goro zai nuna maka motar.

A Takanamat aka haife shi, ɗan manomi mai 'yan awaki. Wata rana muna jiran mota ta cika ya ba ni labarin farkon abin. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. A ajinsu, in ji shi, babu wanda ya kai shi lissafi. Ranar jarrabawar sartifika ta gama firamare aka kwaso su zuwa Tawa a bayan babbar mota, aka zaunar da su, aka raba takardu. Yana ganin mai tsaron aji ya ɗaga agogo, sai wani abu ya murɗa masa ƙasan cibiya.

"Mushe, na hita sau ɗaya, anka ƙyale ni. Na hita na biyu, anka harare ni. Na ukku da na dawo na iske an kulle ƙofa. Ta taga nike kallon lissahin, wallahi duk na san amsa."

Karatu ya ƙare a nan. Da ya tasa ya bi samarin Adar zuwa Abijan, ya yi turin amalanke, ya koyi tuƙi. A can ya ɗora wa garin rogo laifi. Da ya dawo gida ya ɗora wa ruwan rijiya. Wani lokaci cikin ya sake, ya yi kwana uku yana zawo. Wani lokaci ya ƙulle kamar an sa masa kwaɗo, ya kumbura, ya yi ta ƙugi har na kujerar baya su ɗauka injin ne.

Ko aurensa cikin nan ne ya ɗaura. Mahaifin Haula, matarsa, mutum ne mai tsauri, ya riga ya kori manema biyu saboda rawar kai. Ranar da Hashimu ya je gaisuwa tare da baffanninsa, tsohon ya dube shi ya ce, "Yaro, mi ne sana'arka?" Hashimu ya buɗe baki, gumi ya keto masa, ya ce, "Baba, ina zuwa," ya fice a guje. Tsohon ya juya wajen baffannin ya ce, "Kun ga kunya? Wanga ko idona bai iya kallo. Na ba shi." Haula, wadda dama shi take so kuma ta san inda ya nufa, tana bayan zana ta toshe baki da gyale.

Magani kuwa babu irin wanda bai sha ba. Ya sha jiƙon sabara, ya sha kanwa, ya sha wani baƙin gari da aka ce daga Agadas yake. Wani Buzu abokinsa ya rantse masa cewa nonon raƙumi ne ƙarshen maganar. Hashimu ya shanye ƙwarya guda a tsaye. Wannan makon motar ba ta fita tasha ba sam.

Tsayawarsa huɗu ce a ƙa'ida, ban da ta ba-zata. Akwai wata aduwa gab da shingen jandarma. Akwai babban gawo a tsakiyar hanya. Akwai gindin dutse, akwai kuma wani kalgo da ake hango rumbunan Barmu daga gare shi. Ta gawo ta fi tsawo. Wata mata mai suna Balki, daga ƙauyen da ke kusa, ta lura cewa sau biyu a rana mutum goma sha tara suna zaune a inuwa ba su da abin yi. Ta fara kawo fura. Ta ƙara da kindirmo da dafaffen ƙwai. Kafin shekara ta zagayo ta kafa rumfar zana da benci biyu. Su ma tsofaffi sun gane amfanin motar. Baba Attahir, wani dattijo mai sayar da igiya da akala a kasuwanni, wanda mararsa ba ta riƙe ruwa, yakan bar mota uku su wuce yana jiran Hashimu. Mata masu ciki da ke zuwa awo Tawa su ma tasa suke hawa. Babu wanda yake buƙatar ya ji kunyar cewa a tsaya, direba zai riga shi.

Haka ake har ranar da Likita Kadidiya ta hau motar. 'Yar Damagaram ce da aka turo aiki asibiti a Tawa, za ta je duba aikin ɗakin shan magani a Barmu, motar aikinsu kuma ta lalace. Aka ba ta kujerar gaba, ni ina bayanta. Muka yi ta tafiya har muka bar kalgo. Sannan ta ce:

"Malam direba, in tambaye ka? Ka tsaya gab da shingen jandarma. Ka tsaya bayan maiɗakinka ta kira ta ce an kawo takarda daga meri, ofishin magajin gari. Ka tsaya da muka ji ƙara a taya. Amma da muka hau dutse, inda hanya ta fi muni kuma ka san ta, waƙa kake yi."

Hashimu ya dube ta ta gefen ido. "Hajiya, ke likita ce ko jandarma?"

"Likita. Ka zo ka same ni ranar Laraba."

Ya ce to. Laraba uku suka wuce. A ta huɗu, da yake lokacin hutu ne, Haula ta aiko a ce mini in taimaka in raka shi, don in ta bar shi shi kaɗai a ƙofar asibiti zai juya. Na raka shi. Aka ɗebi jini, aka karɓi abin da ake karɓa a ƙaramar kwalba, aka shafa masa mai a ciki aka duba da na'ura. Likita ta yi masa tambayoyi masu yawa: ko ya taɓa ganin jini, ko yana ramewa, ko ciwon yana tashe shi daga barci. Duk ya ce a'a. Bayan mako muka koma karɓar sakamako.

"Malam Hashimu, komai lafiya lau," in ji ta.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya miƙe tsaye, rawanin ya zame. "Likita, shekara talatin da biyat ina bin bayan itace, babu ƙayar da ba ta san ni ba tsakanin Tawa da Barmu, ki ce mani lahiya lau?"

"Zauna, Baba. Ban ce ba ka da ciwo ba. Na ce babu rauni, babu tsutsa, babu ƙari. Ciwon gaskiya ne, mutane da yawa suna da shi, hanji ne mai saurin hasala. Tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji akwai jijiyoyi da ke kai saƙo suna kawowa, kamar waya. Kowa yana da ita. Taka dai ƙararta ta yi yawa. Ƙwaƙwalwa ta hango hular jandarma, ta yi wa hanji bip kawai, ɗan kira ta katse, shi kuma ya ɗauka gobara ce. Shi ma hanjin in ya ɗan kumbura sai ya kira sama ya ce ana mutuwa. Kai ka tsorata, tsoron ya sake sauka ƙasa."

Hashimu ya zauna a hankali. "To a yanke wayar mana."

"Ba a yankewa. Ƙara ake ragewa."

Ta ce ya rage wake, ya rage shayi mai ƙarfi, ya daina cin abinci a tsaye yana kiran fasinja. Duk ya gyaɗa kai. Da ta ce ya bar ɗanyar albasa na wani lokaci, sai ya juyo ya dube ni kamar an zagi kakansa. "Mushe, gaya mata ni Ba'adare ne, albasa gadonmu ce." Ta ce ta sani, shi ya sa ta ce na wani lokaci. Ta koya masa wani numfashi: ya dafa ciki, ya ja iska ta hanci a hankali har cikin ya taso, ya sake ta a hankali, sau biyar, duk lokacin da ya ji tsoro na tahowa.

Daga ƙarshe ta rubuta masa wani kafso da ake kira furobiyotik. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani, wasu na kirki, wasu masu fitina, kuma su ma suna sa baki a hirar da ake yi tsakanin sama da ƙasa. Kafson nan na kirkin ne a ciki.

"Ba alkawari nake maka ba," in ji ta. "Wasu yana taimaka musu, wasu ko kaɗan. Ka sha wata guda mu gani."

A ƙofar farmasi ya miƙo mini kwalin ya ce in karanta masa. Na karanta: kowane kafso ɗaya, halitta miliyan dubu goma.

"Nawa?"

Na maimaita.

"Mushe, motata goma sha tara anka rubuta. In na sa ashirin da biyu sai an sauke ni. Ni kuma a cusa mani miliyan dubu goma kullum da sahe? Ina za su zauna?"

Kwana biyu bai taɓa kwalin ba. A na uku ya je wajen limamin unguwarsu ya tambaya ko ya halatta mutum ya haɗiye abu mai rai ba a yanka ba. Liman ya juya kafson a tafin hannu, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, ya ce, "Suna da wuya?" Hashimu ya ce likita ba ta ambaci wuya ba. Liman ya ce abin da ba shi da wuya ba a neman wuƙa dominsa, ya yi bisimilla ya sha. Da na ƙara masa da cewa irinsu ne suke mai da madara kindirmo, kuma tun yana goye yake shan su, sai hankalinsa ya ɗan kwanta, ko da yake ya ce ya kamata a ce an sanar da shi tun tuni.

Kwalin farko Haula ce ta gama da shi. Ta ji ana cewa masu rai ne, ta ga kuma an rufe kowane ɗaya ruf a cikin leda mai ƙyalli. Tausayi ya kama ta. Ta ɗauko allura ta huda kowane gida sau uku don su sha iska, ta ajiye su kusa da murhu kada su ji sanyi. Mai farmasi da ya ga kwalin sai da ya fita waje ya yi dariya ya dawo.

Na biyu shi da kansa ya kashe su. Ya ce ba zai bar su gida ba tunda ba a san darajarsu ba, ya ɗora kwalin a gaban mota, jikin gilashi, inda zai riƙa ganinsu. Watan Afrilu ne, zafin da ko jaki ba ya barin inuwa. Da na hau ranar Litinin na taɓa kwalin sai da na janye hannu. Na nuna masa inda aka rubuta a ajiye wuri mai sanyi. Ya tsayar da mota, ba don ciki ba wannan karon. Ya riƙe kwalin da hannu biyu.

"Duka?"

"Ina jin duka."

Ya shiga motsa baki, na gane lissafi yake yi, tsohon gwanin aji. Da ya samu jimlar sai ya ce, "Inna lillahi." Ranar Laraba ya je asibiti ya bi layi awa biyu don kawai ya shaida wa Likita Kadidiya rasuwar da bakinsa. Ta karɓi gaisuwar da fuska a ɗaure, in ji shi, amma ya ga kafaɗunta suna rawa.

Kwali na uku ya samu gida a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa, cikin gwangwani mai murfi, kuma aka kafa doka a gidan cewa babu mai taɓa shi da allura.

Numfashin ma ya zo da nasa. Ranar da ya fara gwadawa, ya daure bai tsaya a aduwa ba, ya ja mota har bakin shinge. Ya ja birki, ya rufe ido, ya dafa ciki, ya fara jan iska yana saki da ƙara kamar zugazugi. Jandarman da ya zo karɓar takardu, wani ƙato mai gashin baki, ya leƙo ya ga direba ido rufe yana huci. Ya ƙwala kira. Kafin mu yi bayani an buɗe ƙofa, an ciro Hashimu, an shimfiɗe shi a ƙasa, an juye masa butarsa a ka. Shi kuwa likita ta ce sau biyar, yana na uku, bai yarda ya katse ba. Sai da ya cika biyar ya buɗe ido, ya miƙa lasin tuƙi ya ce, "Shef, ga permi."

Na yi wa jandarman bayani da Faransanci. Ya saurara, ya mayar da takardun, ya ce a tafi. Har mun tayar da mota sai ya zagayo ta tagar Hashimu, ya sunkuyo, ya rage murya. Ina kusa, na ji. Ya ce shi ma duk ranar da manya za su zo duba aiki haka cikinsa yake yi masa, wace rana ce likitar take ganin mutane?

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Tsayawar dutse ce ta fara ɓacewa, sai ta kalgo. A mako na shida, wata Litinin, muka bar Tawa, muka wuce aduwa, muka wuce shinge. Muka tunkari gawo. Balki ta riga ta miƙe da ludayi a hannu, fasinja sun fara neman takalma. Hashimu ya wuce. Na waiwaya na gan ta tsaye da ludayin a sama, tana bin mu da kallo. Muka shiga Barmu tun mai mabuɗin lakwal bai zo ba. Rabin ajina suka makara, don ashe da ƙarar motar Hashimu iyayensu suke tashinsu daga wajen fura, ranar kuwa ta shigo tun ba su fara sauraronta ba.

Hashimu ya fito yana murmushi har kunne, yana jiran a yi masa barka. Baba Attahir ne ya fara sauka, a tanƙware, ya nufi bayan wani rumbu da saurin da ban san yana da shi ba.

Mako biyu aka yi haka. A tasha aka fara cewa Ina-Zuwa ya lalace, ya zama kamar sauran direbobi. Wata mai ciki ta gaya masa a gaban mutane cewa ita da ta san haka ne da ta hau kabu-kabu. Shi abin ya ɗaure masa kai. Ya ce mini, "Mushe, da ina ciwo ana yi mani dariya, yanzu na samu sauƙi ana hushi da ni."

Wata Lahadi da hantsi ina gidansa muna shan shayi marar ƙarfi, sai ga sallama. Baba Attahir ne da sandarsa, da Balki a bayansa ɗauke da babbar langa a ka. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya. Balki ta sauke langar a gaban Hashimu ta ce barka ce ta kawo da samun lafiya. Ta buɗe. Wake ne, dafaffe, ya sha mai da barkono, an lulluɓe shi da yankakkiyar ɗanyar albasa har ba a ganin waken. Ƙamshin ya cika gidan. Na ga maƙogwaron Hashimu ya motsa. Wata biyu rabonsa da albasa.

Hannunsa ya kai rabin hanya sai Haula ta fito daga madafa. Ta dubi langar, ta dubi Balki.

"Yaya Balki, wanga barka ce ko tarko?"

Balki ta ce Allah ya kiyaye, ita da zuciya ɗaya ta kawo. Haula ta ce to da zuciya ɗaya za ta kai wa maƙwabta, ta ɗauke langar. A nan Balki ta fashe. Ta ce ita ba mugunta ba ce, amma kindirmo ƙwarya uku ya lalace mata, ƙwai kuma ita da jikokinta suke ci har sun fara ƙyamar kaza. Baba Attahir ya buga sanda a ƙasa ya ce shi ba zai ɓoye ba, shekara tara yana fakewa da cikin Hashimu. Duk lokacin da direba ya bi gabas da buta, shi yamma yake bi, kuma babu wanda ya taɓa lura.

"Ɗana, ba mu ce ka koma ciwo ba," in ji shi. Ya ɗan yi tunani. "Amma ko kaɗan-kaɗan?"

Hashimu ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Da ya tashi ya ce ya ji, daga gobe motarsa za ta tsaya a gawo zuwa da dawowa, ko cikinsa ya kira ko bai kira ba, kuma duk mai buƙata a wani wuri ya buga jikin mota sau biyu, ba sai ya faɗi dalili ba.

Washegari ina cikin motar. Muka tsaya a gawo, mutane suka watsu. Hashimu ya fito ya tsaya yana dube-dube kamar baƙo. Balki ta nuna masa benci, ya zauna, ta miƙa masa kindirmo a ƙaramar ƙwarya, wanda likita ta ce ya gwada kaɗan ya ga ko zai karɓe shi. Ya kurɓa. Ya dubi fadamar da ke gangare, da garken shanu, da jan dutsen da ke bayanta.

"Mushe, ashe wurin ga yana da kyau haka? Ni ban taɓa ganin shi ta gaba ba."

Ba zan ce ya warke ba, shi ma bai ce ba. Ranar da 'yarsa Safi take naƙudar fari ya tsaya sau shida. Ranar da ya saci jiki ya ci albasa a wajen wani suna, Haula ta gane tun kafin ya shigo gida. Amma yawancin kwanaki lafiya yake kai mu. Na taɓa haɗuwa da Likita Kadidiya a kasuwa na tambaye ta wanne ne ya yi aikin, kafso ko numfashi ko barin albasa. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila duka, wataƙila kuma wani abu dabam. Ta ce ranar da ta gaya masa babu ƙari, bayan na fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya sake tambayarta sau biyu. Ashe mahaifinsa da ciwon ciki ya rasu, kuma duk shekarun nan Hashimu yana tuƙi yana jiran nasa. Ko Haula bai taɓa gaya wa ba.

Bara ƙanensa Almustafa, wanda ya zauna Abijan ya yi arziki a sayar da tayoyi, ya biya masa kujerar Makka. Hashimu ya yi murna kwana biyu. A na uku ya zo ya same ni da takarda da biro. Ya ji an ce jirgi yana yin awa biyar ko fi a sama, kuma direbansa yana kulle a wani ɗaki shi da abokinsa, ba ya ko gaisawa da mutane. Wannan bai yi masa ba. Ya ce in rubuta wasiƙa da Faransanci, daga direba zuwa direba.

Na rubuta abin da ya faɗa. Ya gaishe shi da aiki da iyali. Ya gabatar da kansa, shekara ashirin da shida a kan hanya ba tare da ya taɓa kashe ko akuya ba. Ya shawarce shi ya duba tayoyi da kansa kada ya dogara da kowa, ya ci abinci a zaune kafin a tashi, kuma in ya ga rami a sama ya rage gudu saboda akwai tsofaffi. Ya ce in har ya gaji a hanya kada ya ji kunya, akwai ɗan'uwa a cikin fasinja. Na so in cire wannan layin na ƙarshe, ya ce in bar shi.

Da alhazai suka dawo na je yi masa barka. Gidan cike, ana rabon dabino da zamzam. Ya jawo ni gefe ya ce ya ba wata ma'aikaciyar jirgi wasiƙar tun a bakin ƙofa. Bayan an tashi da kamar awa guda, sai aka ji murya ta lasifika, da Faransanci sannan da Larabci, tana cewa matuƙi yana gaida abokin aikinsa Alhaji Hashimu na hanyar Barmu, kuma ya duba tayoyin, duk lafiya.

Na tambayi mutum uku da suka hau jirgi ɗaya da shi. Biyu sun ce sun ji da kunnensu. Na ukun ya ce shi tun daga Yamai ya rufe kai da harami yana salati, bai ji komai ba sai da aka ce masa an iso.